Bijimin Magaji da Lasin Ƙungiyarmu

Ran nan jikana ya zo mini da abokansa, duk ma'aikatan inshora ne a Sakkwato, suka baje a tabarmata suna hira kamar ba na wurin. Sai na ji ɗaya yana cewa aikinsu ba wuya: mutum ya biya, in tsautsayi ya same shi a biya shi, lasin kuwa takarda ce da ake zuwa ofis a karɓo. Na yi dariya har na ƙware. Na ce su matso. Ni na yi wannan aiki tun ba a san sunansa ba a ƙasar Bodinga, kuma na ga abin da aka bayar kafin takardar nan ta zo hannunmu.

Zamanin Turawa ne, lokacin da malaman gona suka fara yawo da garmar shanu. Wanda ya ga yadda bijimai biyu ke gama huɗar da gayya ke wuni a kanta, ba ya sake barci sai ya mallake su. Mutane suka sayar da tumaki, da jakai, wani har da gonar fadama, suka haɗa shanun huɗa. Abin da ba a gaya musu ba shi ne karkiya wuya biyu take so. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya zama abin ciyarwa kawai, mai shi kuma ya koma wa hauya da hannu wofi. Da aka ga haka ta faru ga mutum ɗaya, ta faru ga na biyu, sai masu garma na Bodinga, da Danchadi, da Dingyadi, har zuwa Shagari suka haɗa kai. Da kaka kowa ya kawo damin gero a kan kowane sa, a zuba a rumbun ƙungiya. Wanda sansa ya mutu, a fasa rumbu a saya masa wani.

Malamai suka fara tambaya ko caca ce. Aka kai maganar gaban limamai, suka yi ta juya ta, daga baya suka ce in dai babu wani mai ƙungiya da ke cin riba, masu zubawa su ne masu karɓa, to taimakon juna ne. Muka ce shi ke nan, an gama. Ashe ba a ma fara ba. Hakimi ya ce ba zai bari a riƙa tara hatsin talakawa ba tare da izini ba, kada a ce ya ƙirƙiro haraji na biyu. Alƙali ya ce in rigima ta tashi bai san wa zai kira ba, don ƙungiya ba ta da wuya balle a ɗaura mata igiya. Dole sai da lasin.

Wanda aka turo mana daga ofishin da ke yi wa ƙungiyoyi rajista shi ne Malam Haliru, wani siriri mai farin tabarau da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a gindin tsamiya ya jera mana sharuɗɗa. Kowane sa sai an duba lafiyarsa an sa masa lamba kafin ya shiga. Rumbu sai ya zama biyu, ɗaya na yau da kullum, ɗaya a liƙe bakinsa da laka, ba a taɓa shi sai shekarar da abin ya fi ƙarfin na farko. Mai riƙon rumbu daban, mai duba shanu daban, kada su zama 'yan gida ɗaya. Duk wannan muka gyaɗa kai. Sai ya kawo na ƙarshe: ba a biyan san da wuƙa ta taɓa kafin mai duba ya gan shi da idonsa.

Wani dattijo ya ce, "Malam, in sa ya hwaɗi shina shirin mutuwa hwa? A bar shi shi yi mushe?"

Malam Haliru ya ce, "Baba, ku aika a kira mai duba. In ya gani ya ce a yanka, a yanka. Amma in kowa na yanka nashi shi kawo hwata, wata ukku rumbunku ba shi kaiwa. Mun gani wani wuri."

Ya ce za a ba mu shekara ɗaya ta gwaji. In ya dawo ya tarar an biya ko da sa ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, babu lasin, a raba geron kowa ya kama gabansa.

Ni aka zaɓa mai duba, ba don na fi kowa ilmi ba. Na tashi a kara, kasuwar shanu, a hannun wani dillali Bafillace, Jodi, wanda mahaifina ya ba shi ni. Jodi ba ya koyarwa da baki. Zai tsayar da kai gaban sa ya ce, "Mi kag gani?" In ka ce sa ne lafiyayye, sai ka ji sanda a ƙwauri. Na sha sanda har na koyi cewa ba a fara duba sa daga kusa. Daga nesa ake tsayawa tukuna, a ga yadda yake tsayuwa in ba wanda ke kallonsa, wace ƙafa yake ɗagawa, ko yana tuƙa, ko ya ware daga 'yan'uwansa. Sai an gama wannan ake matsawa. Shekarun da na yi a bayansa ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. Ranar da ya daina dukana na gane na iya.

Kayan aikina ba su da yawa. Igiya mai kauri ta kayar da sa, sanda, ƙarfen lamba da maƙerin Bodinga ya ƙera mana, da wani keke da ƙungiya ta saya mini na hannu, wanda a yashin ƙasarmu rabin tafiya ni nake ɗaukarsa. Sauran kayan aikin a jikina suke. Da yatsa ake buɗe baki a ga haƙora, su ke faɗin shekaru, ba mai sa ba. A ja fatar ido a ga ko ta yi fari. A taɓa hanci, in ya bushe akwai magana. A bi wuya da tafin hannu inda karkiya ke zama, a matsa tozo, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Sannan a sa a kora shi da gudu, a kara kunne a haƙarƙarinsa a saurara. Ba a barin kashinsa ma sai an tona da tsinke. Ku da kuke duba mota da takarda a hannu, ban sani ba ko kuna shinshina ta, mu dai muna yi.

Ranar sa lamba ta farko a Dingyadi, wani ya kawo mini sa cikinsa ƙato, sai sheƙi yake. Na ce a ɗaure shi a inuwa, zan dawo kansa bayan azahar. Mai shi ya fara gumi. Kanwa ya ba shi tun asuba ya ɗura masa ruwa, kafin azahar sa ya fitsare ƙibarsa duka, haƙarƙari suka fito ana ƙirgawa. Wani kuma a Bodinga aron san maƙwabci ya yi don a duba, da nufin in an zo sa lamba ya sauya da nasa mai tari. Tun daga ranar na daina raba aikin biyu. Ina gama dubawa, ƙarfe na cikin wuta, a kayar a buga a cinya nan take. Ba mugayen mutane ba ne. Mutum ne yake son abinsa, yana ganin rumbun ƙungiya kamar ba na kowa ba.

Sharaɗin wuƙa kuwa bai daɗe ba ya nuna amfaninsa. Wani mai tsohon sa da haƙora suka ƙare ya yanka shi ranar kasuwa, ya sayar da nama, ya zo mana da fata mai lamba yana cewa maciji ne. Na juya fatar ciki da waje ban ga wurin sara ba. Aka hana shi. Ya yi ta zage-zage, ya kai ƙara wurin hakimi, hakimi ya ce ƙa'ida ce kuka yarda da ita. Daga nan kowa ya san maganar ba wasa ba ce, ni ma na ƙara yarda da ita.

Shekarar gwajin nan ita ce muguwar shekara. Ruwa ya makara, shanu suka shiga damina a rame, sannan ciwon huhu ya ɓulla a wajen Shagari. Sa zai tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙa wuya, yana nishi kamar mai ɗauke da kaya. Malamin dabbobi ya hana shanun can fita. Ni kuma na tare a Shagari, don kusan kowace safiya akwai wanda ke jirana da wuƙa a hannu. Ina zuwa in duba lamba, in saurari ƙirji, in ce a yanka ko a jira. Rumbun farko ya yi ƙasa har ana jin ƙarar ƙwarya a gindinsa. Amma ba mu karya ƙa'ida ko sau ɗaya ba, kuma muna alfahari da haka.

Ina can wata rana da hantsi sai ga Tukur, ƙanen wani manomi na Danchadi mai suna Magaji, a kan jaki, duk jikinsa laka. Na san Magaji. Mutum ne marar yawan magana, gonar fadamarsa ya sayar ya sayi bijimai biyu irin bokolo, fari da ja, ni na sa musu lamba. Tukur ko sallama bai gama ba ya ce, "Malam Sambo, jan san Yaya ya hwaɗa rijiyal lambu tun jiya da marece. Mun hisshe shi, amma baya ya karye. Ba shi tashi. Yaya ya ce ka zaka."

Na ce, "Shina da rai?"

"Sadda nib baro shi, shina da."

Akwai shanu biyu a gabana da masu su ke jira tun asuba. Na duba su a tsaye, na hau keke. An yi ruwa da dare, hanya ta zama kunu. Inda ba laka akwai yashi, inda ba yashi rafi ya kawo. Na tura keke, na ɗauke shi a ka, daga baya na jingine shi a wani ƙauye na ci gaba da ƙafa, Tukur na bina da jakinsa da ya gaji. Ban taɓa jin nisan Shagari da Danchadi ba sai ranar.

Tun kafin in shiga fadamar na hango ungulaye a kan giginya. La'asar ta wuce. Mutanen gari suna tsaye nesa-nesa, maza da mata. An kafa wa san rumfar zana don rana. Magaji na zaune a ƙasa kusa da kansa, wuƙa a kan cinya, ga ƙwaryar ruwa da tsumma da yake jiƙa masa baki. Na durƙusa na taɓa ido. Ya riga ya yi sanyi.

Magaji ya ce, "Da azahar yac cika."

Ku yaran birni ba za ku gane nauyin wannan ba sai na faɗa muku. Tsakiyar damina ce, gero bai nuna ba, na bara ya ƙare. Gidaje da yawa a Danchadi tafasa da rama suke kwana a kai. Ga naman bijimi guda, lafiyayye, ba ciwo ya kayar da shi ba, ya zama mushe a gaban idonsu. A al'adarmu in dabba ta faɗi, ba a tambayar kowa, wanda ya fi kusa da wuƙa shi ke yankawa, a yi watanda, maƙwabta su sayi kashi-kashi don mai ita ya rage asara. Yaro ma ya san wannan. Barin dabba ta mutu kana kallo abin kunya ne, kuma ana ganin alhaki ne.

Limamin garin ya ja ni gefe, ransa a ɓace. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Tun da safe ya zo ya ce wa Magaji ya yanka, dabbar na wahala. Magaji ya ce mai duba na hanya. Da rana ta take, sa ya fara buga kai da ƙasa, mutane suka kewaye shi. Wasu suka ce ya yanka, in na zo duk gari za su shaida cewa da kansa ya mutu, a ɓoye nama. Magaji ya ce ba ya cin geron mutane da ƙarya. Wasu 'yan ƙungiya suka ce ya yanka a fili, za su tsaya masa a biya shi ko ƙa'ida ta hana. Ya ce in an biya shi an rasa lasin, mutanen Shagari da shanunsu ke zubewa wa zai biya su? Aka ce to ya yanka ya haƙura da biyan. Wannan ma ya kasa, don kuɗin watanda a wannan yunwa ko maraƙi ba zai saya ba, kuma ba shi da wata fadamar da zai sayar. Liman ya ce sau biyu yana ɗora wuƙa a wuyan san yana ɗagawa, yana duban hanya.

"Malam Sambo," in ji liman, "wagga doka taku, wa yay yi ta? Wanda yay yi ta ya taɓa ganin sa na mutuwa?"

Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, da dalili anka yi ta."

Ya ce, "Na ji da dalili. Ka tai ka hwaɗa ma san."

Na koma wurin san. Na yi aikina. Na duba lamba, na bi gadon baya da hannu har na ji inda ƙashi ya rabu, na duba wuya na tabbatar wuƙa ba ta shiga ba. Sannan muka ɗaura igiyata a ƙafafunsa, aka rasa mai kamawa. Daga ni sai Magaji sai Tukur muka ja, daga baya wasu samari suka taimaka, muka kai shi bayan gari muka bar wa ungulaye da kuraye. Mata na tsaye a bakin hanya da 'ya'yansu suna kallo. Na yi shekaru ina wannan aiki, ban ja abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

An biya Magaji, ba wanda ya ce uffan. A kansa aka fasa rumbu na biyu. Ni na je kara na zaɓo masa wani bokolo mai tsayi ɗaya da farin, don in ɗaya ya fi ɗaya tsawo karkiya na cin wuyan gajeren. Amma a Danchadi an daɗe ba a manta ba. In ya wuce sai a yi ƙasa da murya. Yara suka sa masa suna Mai Mushe, iyayensu na tsawatarwa da baki ɗaya, suna murmushi da ɗayan.

Bayan kaka Malam Haliru ya dawo. Ya leƙa rumbuna, ya bi shanu yana duba lamba, ya kira waɗanda aka biya ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Bai sami inda aka kauce ba. Da aka taru a gindin tsamiya, limamin Danchadi ya miƙe ya ba da labarin jan sa tun daga rijiya har bayan gari, bai ƙara ba bai rage ba. Malam Haliru ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya tambaye ni ko akwai hanyar da za a tsare rumbu ba tare da an sake haka ba. Na ce mai duba ɗaya ne, garuruwa da yawa, keke kuma ba ya tashi sama. A sa liman da dattawa biyu a kowane gari, waɗanda ba dangin mai sa ba. In sun ga dabba ba za ta kai ba, su ba da izini a yanka, a ajiye mini fata da kai da wurin da ya lalace, ko ƙashi ne ko huhu, in zo in gani. Abin da watanda ta kawo a haɗa da na rumbu. Ya ce ba shi ke da iko ba, amma zai kai maganar sama.

Sai da rani ya yi nisa lasin ya zo, da sabon sharaɗin a ciki kamar yadda muka roƙa. Aka yi ta murna a Bodinga, hakimi ya sa aka karanta a bainar jama'a. Magaji bai zo ba. Da ruwan farko ya sauka na bi ta Danchadi, na same shi a gona ya ɗaura wa shanunsa karkiya, sabon ya riga ya saba da farin.

Muka gaisa. Na ce, "Magaji, lasin ya hito. Kuma an canza doka. Yanzu liman da dattawa biyu sun isa, a yanka."

Ya ce, "Ko ba ka nan?"

"Ko ba ni nan."

Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na ga bai saki fuska ba, sai na so in rage masa. Na ce ai kowa ya san don shi aka sami takardar nan, da ya yanka da yanzu babu ƙungiya. In kuma ana neman wanda za a ɗora wa, ni ne ban iso da wuri ba.

Ya dube ni, ya ce, "Kai bisa hanya kake, Malam. Ni ina zaune gabanai tun sahe, wuƙa ga hannuna, shina dubana."

Ya kama garma, ya yi wa shanun magana, suka ja.